Wa Ke Da Alhakin Marar Ɗaki A Beli?

Beli gari ne na manoma a ƙasar Rogo, can kudu maso yamma da birnin Kano, wajen da iyakar Jihar Kano ta ke haɗuwa da ta Katsina da ta Kaduna. Yana ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Rogo, tare da su Zarewa da Fulatan da Gwangwan da Zoza da Ruwan Bago. Tun shekarar 2024 kuwa Rogo da Karaye su biyu ne ƙasar masarautar Karaye mai daraja ta biyu. A ƙidayar 2006 an sami mutanen ƙasar Rogo sun haura 220,000, kowa ya san kuma tun daga ran nan ƙaruwa su ke yi, ƙasar kuwa ba ta ƙaru ko da taki ɗaya ba.

In mutumin birni ya je irin wannan gari ya zaga da dare, zai komo ya ce maka babu marar muhalli a can, don bai ga kowa kwance ƙarƙashin gada ko bakin kanti ba, kamar yadda ya saba gani a Kano ko Ikko. Lalle bai yi ƙarya ba game da abin da idonsa ya gani. Amma fa rashin muhalli na ƙauye ɓoyayye ne. Yana cikin gida, bayan danga, inda baƙo ba ya shiga. Tsohuwar da ɗakinta ya rufta cikin ruwan Agusta ta koma kwana ɗakin girki, da samari shida da su ke cunkushe a zaure guda, da bazawarar da a ke karɓa-karɓarta tsakanin gidajen 'yan'uwa, wata nan wata can, duk waɗannan ba su da ɗaki, ko da ya ke ba wanda ya taɓa rubuta sunansu a cikin littafin marasa gida. Su ne mu ke so mu yi magana a kansu yau, mu kuma tambayi masallaci da majami'a abin da su ke da niyyar yi.

ZAURE DA GAYYA

Kafin mu ce wani abu ya lalace, ya kamata mu tuna yadda ya ke sa'ad da ya ke da lafiya. A ƙasar Hausa ta da, gina ɗaki aikin ƙarfi ne, kuɗin da ke ciki kaɗan ne ƙwarai. Ƙasa tana nan a kududdufi, ba mai sayar da ita. In an gama kaka, ruwa bai ƙafe ba tukuna, sai a haƙo ƙasa a kwaɓa ta da ramno, a bari ta ruɓa, a yi tubali a shanya. Mai hali ya nemo azara ta giginya ya yi rufin soro, ya sa indararo, ya shafe bango da makuba don kada ruwa ya ci. Marar hali ya ɗaura tsaiko, ya yanko shuci a daji ya yi jinka. Magini kaɗai a ke biya, shi ma sau da yawa da hatsi. Sauran aiki, watau ɗebo ruwa da tattaka ƙasa da miƙa tubali, gayya ce ke yinsa. Mai ɗaki ya faɗa wa maƙwabta rana, mata su dama fura su tuƙa tuwo, a raba goro, kafin la'asar bango ya tashi. Wanda ka taya bana shi zai taya ka baɗi. Tsohuwar da ba ta da ɗa namiji kuwa ba ta jiran ta roƙa, samarin unguwa su kan sabunta mata jinka don kada a yi da unguwarsu.

Sa'an nan ga zaure. Mutanen yanzu sun ɗauka zaure ƙofar gida ce kawai, amma ga kakanninmu ya fi haka nesa. Nan mai gida ke cin tuwo da maƙwabta, nan malam ke ba da karatu, nan masaƙi ko baduku ke sana'a, da dare kuma nan ne masaukin duk wanda dare ya yi wa. Baƙon da ya shigo gari bai san kowa ba, gidan dagaci ko na liman a ke kai shi, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a kawo masa ruwa da tuwo, ba a tambayarsa abin da ya kawo shi sai ya huta. Fatake kuwa suna da zango a bakin gari, a manyan kasuwanni kuma suna da fatoma, mai saukar da baƙi, wanda ke ba su ɗaki ya adana musu kaya ya nemo musu masu saye. Hausawan da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja da wannan al'ada suka tafi, shi ya sa har yau unguwanninsu a ƙasar Gana Zango a ke kiransu. Ka ga ashe ƙasar nan ta daɗe da shirin saukar da marar ɗaki, sai dai shirin ba shi da ofis ba shi da akawu, a kan kunya da tsoron Allah ya ke tafiya.

Ba mu ce zaman da ba shi da aibu ba. Jinka tana cin wuta, gobarar hunturu guda ta kan share unguwa, gara tana cin azara, ginin ƙasa kuma kowace shekara yana neman yaɓe. Duk wanda ya taɓa kwana yana kawar da tabarma daga ɗigon ruwa ba za mu ga laifinsa ba in ya yi sha'awar rufin kwano.

ABIN DA YA SAKE

To, me ya faru? Abu na fari, gini ya tashi daga aikin ƙarfi ya koma aikin kuɗi. Kwano da bulo da siminti da katako da ƙusa, ko ɗaya ba a haƙo shi a kududdufi. Giginya ta yi ƙaranci, dajin da a ke yankan shuci ya zama gona. A farkon shekarar 2024, bayan cire tallafin man fetur na watan Mayu 2023 da faɗuwar darajar naira, buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa. A cikin shekarar nan ce Gwamnatin Kano ta yanka mafi ƙarancin albashi naira 71,000. A irin wancan farashi, watau, albashin wata guda cur buhu bakwai ne, ba a ci ba a sha ba. Wannan fa ga mai albashi ke nan. Manomin da kuɗi ba ya zo masa sai kaka, sai ya sayar da masarar da iyalinsa za su ci kafin ya sayi bandir guda na kwano.

Abu na biyu, masu gayyar ba sa gida lokacin gayya. Cin rani ba sabon abu ba ne, amma da can bayan an gama gyaran gida a ke tafiya. Yanzu da an kai amfani rumbu samari sun kama hanyar Kano ko Kaduna ko Abuja ko Kurmi, wasu ga tura ruwa, wasu ga acaba, wasu ga leburanci wurin ginin wasu. Abin mamaki ne a ce yaro yana ɗaukar bulo a Abuja yana kwana cikin kangon da ya ke ginawa, ga shi kuma ɗakin uwarsa a gida yana jiran yaɓe. Waɗanda suka zauna kuwa sun saba da aikin lada, in ka kira gayya sai a tambaye ka nawa ne.

Abu na uku shi ne gado. Gidan gandu, inda uba da 'ya'yansa da jikoki ke noma gona guda su ci tukunya guda, ya yi ta raguwa. Da mai gida ya rasu sai a raba gida, kowa ya ja katanga a rabonsa, ya huda ƙofarsa. Zauren da ya ke na kowa sai ya faɗo a rabon mutum guda, shi kuma ya mai da shi shago ko ɗakin amarya. Sabon gidan bulo da a ke ginawa yanzu sau da yawa ba a yi masa zaure sam, ƙofar ƙarfe ce da kwaɗo. Ba mu zargi kowa ba, zamani ya zo da ɓarayi da masu satar mutane, mai gida yana da hujjar tsoron baƙon dare. Amma dai sakamakon ɗaya ne: wurin da marar ɗaki ya kan sa haƙarƙarinsa ya tafi, ba a kuwa yi wani a maimakonsa ba.

Wadda abin ya fi taɓawa ita ce matar mamaci. Shari'a ta ba ta zama a ɗakinta har ta gama takaba, wata huɗu da kwana goma. Rabonta na gado kuwa sumuni ne, watau ɗaya cikin takwas, in mamacin ya bar ɗa, rubu'i in bai bari ba, in kuma su biyu ne ko uku ko huɗu, wannan rabon za su raba tsakaninsu. A gidan attajiri sumuni dukiya ce. A gidan talaka mai ɗaki huɗu, sumuni rabin ɗaki ne, rabin ɗaki kuwa ba ya kwanuwa. In tana da 'ya'ya a gidan ta zauna cikin rabonsu. In ba ta haihu da shi ba, ko kuwa 'ya'yanta mata ne sun yi aure, sai ta ɗaure kayanta ta koma gidan ubanta, ta tarar shi ma an raba shi tun tuni. Shari'a ba ta zalunce ta ba, gama ta ɗora ciyar da ita da ba ta muhalli a kan 'ya'yanta, ta kuma yi umurni da zumunci. Mu ne muka riƙe rabon muka saki sauran.

Akwai kuma almajirai. Da, malam yana da gona, almajiransa su taya shi noma, su kwana a zaurensa da zaurukan maƙwabta, kowane gida yana da almajirinsa da a ke ajiye wa tuwo. Da zauruka suka ragu yara kuma suka ƙaru, sai kwana ya koma rumfar kasuwa da barandar masallaci. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, gwamnatocin Arewa, har da ta Kano, suka yi ta kwasar almajirai a motoci suna mai da su jihohinsu na asali. Ranar nan ce kowa ya ga ƙuru-ƙuru cewa dubban yaran da ke karatun Alƙur'ani ba su da inda za a ce su shiga su rufe ƙofa. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukuma ta musamman don almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Muna yi mata fatan alheri, amma daga Abuja zuwa tsangayar ƙauye tafiya ce mai nisa.

Kada kuma mu manta ƙasar nan ta san tashin dole. Sa'ad da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye cikin 1992, ruwa ya rufe gonaki da tsofaffin matsugunai, mutane suka koma sabon wuri. A 'yan shekarun nan kuma 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka masu yawa a Katsina da Zamfara, mafi yawan waɗanda suka gudu kuwa ba sansani suka shiga ba, gidajen dangi da kangaye da makarantu suka rarraba. Rogo ba ta da nisa da kudancin Katsina. Garin da ba shi da ɗakin saukar baƙo guda, ina zai sa mutum hamsin in sun zo masa da tsakar dare?

GIDAJEN GWAMNATI

Mai karatu zai ce ai wannan aikin Gwamnati ne. Na'am, kuma ta yi iyakar nata a inda ta yi. Shugaba Shehu Shagari ya gina gidaje masu sauƙin kuɗi a jihohi tsakanin 1979 da 1983, har yau da sunansa a ke kiransu. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, inda a ke cire kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashin ma'aikaci don ya sami rancen gida. A Kano an gina rukunin Kundila, daga baya kuma, tsakanin 2011 da 2015, aka gina Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo a gefen birni. Amma dubi sharuɗɗan. Rancen gida yana neman albashi na wata-wata da takardar mallakar fili mai hatimi. Manomin Beli ba shi da ko ɗaya, shaidar gidansa ita ce dagaci da maƙwabta sun san na ubansa ne. Ko da ya same su, malaminsa zai gaya masa rance mai ruwa riba ce. Ba mu faɗi wannan don mu rage wa kowa lada ba, sai don a gane cewa waɗannan gidaje an yi su ne don ma'aikacin birni. Tsohuwar da mu ke magana a kanta buƙatarta bango huɗu ne da rufin da ba ya yoyo, a cikin unguwar da aka san ta.

ABIN DA KE HANNUN MASALLACI

Nan ne maganar ta komo kan jama'ar addini, don su ne ke da abin da Gwamnati ba ta da shi a ƙauye. Liman yana ganin mutanen unguwa sau biyar a yini. Shi ya yi wa mamaci salla, shi ya zauna wurin rabon gado, ya san wadda aka bari ba ɗaki tun kafin kowa ya sani. Tarihin addinin kuma da maganar muhalli ya fara. Sa'ad da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hijira zuwa Madina a shekarar 622, ya haɗa 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da suka baro gidajensu da Ansaru masu gari, aka saukar da su a gidaje. Waɗanda ba su da kowa kuwa aka yi musu rumfa a jikin masallacinsa, su ne a ke kira Ahlus Suffa. Masallacin Annabi na Madina da masaukinsa ya ke.

Yanzu mu duba namu. Ba garin da za ka shiga a ƙasar Kano ba ka ga sabon masallaci ba, wani ma taku kaɗan ne tsakaninsa da tsoho, kowace ƙungiya tana son nata, da hasumiya da lasifika da tayal. Gina masallaci aikin lada ne babba, ba mu musa ba. Amma muna tambaya cikin ladabi: a cikin masallatan nan nawa ne aka yi wa ɗaki ko guda na baƙo? Kwamitin da ya iya tara kuɗin tayal ya kasa tara kuɗin bandir biyu na kwano? Mu dai a ganinmu ba rowa ce ta hana ba, gama mutanenmu suna bayarwa, a azumi ma har su wuce ƙarfinsu. Abin da ya faru shi ne an koya musu lada tana cikin masallaci da tuwon sadaka, ba a yawaita gaya musu tana cikin rufin ɗakin maƙwabciya ba.

Zakka ce a ke fara ambata, to, bari mu dube ta. A kan hatsi, in amfanin gona ya kai nisabi, watau wasƙi 5, wanda ya ke daidai da sa'i 300 ko mudun Annabi 1,200, a kan fid da ushiri, ɗaya cikin goma, in ruwan sama ne ya shayar, rabin haka in ban-ruwa aka yi da wahala. Masu cin ta kashi takwas ne, an jera su cikin Suratut Tauba, akwai matalauci da miskini da mai bashi da matafiyin da guzuri ya yanke wa. Malaman Malikiyya sun ce ba a gina masallaci da ita, kuma a wurin da aka fid da ita a ke fara rabawa. Ashe ke nan ushirin masara da dawa na Beli, talakan Beli ne ya fi cancanta da shi. Da can sarakuna ke tara ta, zamanin Turawa ta narke cikin haraji, aka bar kowa da niyyarsa. A shekarar 2003 Jihar Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi don ta farfaɗo da tarawar. Sai dai yadda a ka saba rabawa, kwano ɗaya ga wannan, biyu ga wancan, ciki kawai ta ke tsarewa na 'yan kwanaki. Babu abin da ya hana a haɗa zakkar mutum goma a damƙa wa miskiniya guda ta mallaka, a taya ta sayen kwano da katako da ita.

Akwai kuma wani wuri da ya kamata malamai su faɗakar. A mazhabar Maliku, kamar yadda kowane ɗalibin Risala ya sani, ba a fid da ushiri a kan kayan lambu da 'ya'yan itace irin namu, rake ma haka. Nahiyar nan ta Rogo da Maƙarfi kuwa an san ta da rake, ga noman rani na tumatir da barkono. Watau mai gonar dawa ya fid da ushiri, mai lodin rake mota-mota ba abin da ya hau kansa sai in kuɗin ya shekara a hannunsa, kuɗin ƙauye kuwa ba ya shekara. Hukuncin yana nan yadda ya ke, ba mu da ta cewa a ciki. Amma wanda Allah ya sauƙaƙe wa farilla, ƙofar nafila a buɗe ta ke gare shi, ƙofar nan kuwa ita ce hubusi.

Hubusi, ko waƙafi, shi ne mutum ya tsare asalin dukiya, ba a sayarwa ba a gada, amfaninta ya riƙa tafiya ga mabuƙata. Sayyidina Umaru, Allah ya yarda da shi, haka ya yi da gonarsa ta Haibara bisa shawarar Annabi. A Masar da Santambul da hubusi aka yi ɗaruruwan shekaru ana riƙe makarantu da asibitoci da masaukan baƙi. A ƙasarmu mun taƙaita shi ga masallaci da rijiya da maƙabarta, alhali kuwa Malikiyya sun fi kowa sauƙaƙa shi: sun yarda a yi hubusi na ƙayyadadden lokaci, shekara goma ko ashirin, sa'an nan abin ya koma ga mai shi. Har wa yau akwai wani babi da a ke karantawa a zaure a wuce, watau umra, ba ta zuwa Makka ba, ta ba da mazauni: ka ba mutum ɗaki ya zauna muddin ransa, in ya rasu ɗakin ya komo gare ka ko ga magadanka. Kai, da a ce magada sun san wannan babi, da matan mamata da yawa ba su ɗaure kaya ba. Ranar rabon gado liman ya ce, ɗakin nan ya faɗo a rabon wane, amma ko zai yi umrarsa ga matar ubansa don Allah? Mutum nawa ne za su iya cewa a'a a gaban jama'a, tun da ba su yi hasarar ko tubali guda ba?

MAJAMI'A DA SAURAN DUNIYA

A ƙauyukan yammaci da kudancin Kano akwai Hausawa Kirista, su ma maganar nan ta shafe su, suna kuma da tarihinsu a ciki. A cikin shekarun 1930 mishan na SIM suka karɓi riƙon zangon masu ciwon kuturta a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, bisa shiri da En'e. Ko me mutum zai ce game da nufinsu na wa'azi, sun ba da wurin kwana da gona ga mutanen da jama'a ke gudu. Ruwan Agusta ba ya tambayar addinin mai ɗaki. In masallaci ya kira gayya majami'a ta turo samarinta, ita ma ran tata a turo mata, ba wanda imaninsa zai ragu.

A birnin Augsburg na ƙasar Jamus wani attajiri, Jakob Fugger, ya kafa unguwar matalauta a shekarar 1521, har yau tana nan da mazauna kimanin 150, kuɗin hayar shekara bai kai yuro guda ba, sai addu'a uku kullum da a ke nema gare su. Hubusi ke nan da wani suna, abin da ya raya shi shekara 500 kuwa shi ne an rubuta shi, an kuma ajiye masa dukiyar da ke biyan gyara. A Amurka wata ƙungiyar Kirista mai suna Habitat for Humanity, wadda aka kafa a 1976, tana gina wa talakawa gidaje da hannun 'yan sa-kai, mai gidan shi ma dole ya sa ƙarfinsa, tsohon shugaban ƙasarsu Jimmy Carter ya yi shekaru yana riƙe musu guduma. Gayya ce tsantsa, mu da muka gaje ta mu ne muka yar.

Kada kuma wani ya ce ginin ƙasa ya zama abin kunya. Masallacin Yama a ƙasar Tawa ta Nijar, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962 da taimakon mutanen gari, ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya gina wa ƙauyensu Gando makaranta da tubalin ƙasa, ya ɗaga rufin kwano sama da bango don iska ta ratsa, shi aka ba babbar lambar masu zanen gini ta duniya a 2022. Bangon ƙasa mai harsashin dutse ko siminti kaɗan, da kwano mai faɗin baki da zai kare shi daga feshin ruwa, ya fi bulo mai yashi da yawa sanyi, ya kuma fi shi araha nesa.

Abin da mu ke roƙo ga limaman Beli da dagaci da masu unguwanni bai fi ƙarfinsu ba. Da an gama kaka, liman da mai unguwa su zaga su ƙidaya ɗakunan da ba za su kai wata damina ba, mata masu wa'azi da ungozoma su taya su, don su ne ke shiga inda namiji ba ya shiga. A yi abin cikin sirri, kada a kira sunan kowa a lasifika, gama akwai wadda za ta zaɓi ruwa ya dake ta da a tona asirinta. A sa ranar gayya kafin samari su tafi cin rani. Kowane masallacin Juma'a ya nemi ɗaki biyu na hubusi a kusa da shi, ɗaya na baƙo namiji, ɗaya a cikin gidan mutunci don mace. Wanda zai ba da hubusi ko umra kuwa lalle a kai maganar gaban alƙali a rubuta, da shaidu da iyakoki da sunan mai kula, a ajiye kwafe wurin hakimi da Hukumar Zakka da Hubusi, don mun sha jin yadda jikoki ke tasowa su ce kakansu aro ya bayar. In da hali a haɗa ɗakin da 'yar gona ko shago wanda zai riƙa biyan yaɓe, in ba haka ba shekara biyar ta isa ya zama kango.

Lokacin aikin kuma gajere ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne kududdufi ke da ruwan kwaɓa ƙasa, tubali kuma ke bushewa da iskar hunturu. Da Maris ya shiga ruwan ya ƙafe, sai an saya a jarka, kafin ƙarshen Mayu kuwa hadari ya fara haɗuwa a gabas.